Takarda mai layi shida

Ƴan'uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na kusa da na nesa. Mu matan wata ƙungiya ne a cikin garin Maradi. Ba za mu faɗi unguwa ba, za ku ga dalili. Mu 27 ne, muna zama kowace Alhamis bayan la'asar a tsakar gidan shugabarmu. Zubinmu dala 100 ne a mako, sai dala 10 ta asusun taimako. Mun daɗe muna jin labaran wasu ƙungiyoyi a wannan takarda, na kiwon tumaki, na injin niƙa, na sayen hatsi da kaka a ajiye, amma ba mu taɓa aiko da namu ba. Wannan da muka aiko ba na riba ba ne, har asara akwai a ciki. Wadda abin ya shafa ta yarda a rubuta, da sharaɗin kada a kama sunanta. Za mu ce mata ƙanwarmu, don tana cikin ƙananan cikinmu.

Shekara 7 ke nan da aurenta. Ta yi ɓari sau ɗaya a shekarar farko, tun daga nan shiru. Taliya take murzawa tana sayarwa. Ba ta taɓa fashin zubi ba, ba a taɓa cin ta tarar makara ba. Wata Alhamis cikin watan Afirilu, da aka zo wurin masu neman rance, sai ta ce tana son jika 84, wai za ta ƙara jari. Ma'ajiyarmu ta dube ta ta ce, "Ke ƙanwata, buhun fulawa nawa za ki saya da wanga kuɗi?" Ta yi shiru. Can sai ta kwance haɓar zani, ta fito da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa, ta ajiye kan tabarma.

Ordonans ce ta wani lokotoron mata da ke da kilinik nasa na kuɗi. Ashe ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin ganinsa da na eko, ba wanda ya sani. Layi shida ya rubuta mata. Ta kai farmasi, aka buga lissafi, aka rubuta 84.000 a bayan takardar da jan biro. Mako biyu tana yawo da ita a ɗaure.

Nan fa gardama ta tashi. Dokarmu, kamar ta yawancinku, ta raba kuɗi gida biyu. Rance na sana'a ne, yana dawowa da ruwa kashi 10 cikin 100 a wata. Taimako kuwa na rashin lafiya ne, da mutuwa, da gobara, da suna. To rashin haihuwa a wane gida yake? Dattijuwar cikinmu, wadda duk muke ce wa Inna, ta ce, "Haihuwa ta Allah ce, ɗiyata, ba a sayenta a kanti. Ki yi haƙuri, lokaci ne bai yi ba." Ma'ajiya ta ce, "Inna, masassara ma ta Allah ce, amma da jikanki ya kwanta bara, daga akwatin nan munka ɗiba." Wasu suka yi dariya, wasu suka ɓata rai. Wata ta ce in aka buɗe wannan ƙofa akwatin zai ƙare kafin damina, kuma ba ƙarya ta faɗa ba.

Sakatariyarmu ce ta kashe maganar, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kaye ta ƙirga sunan da asusun taimako ya fita dominsa tun da ƙanwarmu ta shigo: guda 19. Kowanne da dalarta a ciki. Kowanne ta zo da sabulunta, ta daka, ta yi wanke-wanke, ta goya jaririn wata don uwar ta samu ta ci abinci. Ita kuwa ko dala ɗaya ba ta taɓa fita da sunanta ba. Ba wadda ta sake magana. Mun daɗe muna zama da ita a tabarma ɗaya, muna tsokanarta da "saura ke", ba mu taɓa tambayar kanmu yadda kalmar take kwana da ita ba.

Abu ɗaya muka yarda a kai nan take: ba za a ba ta rance da ruwa ba. Ruwan jika 84 a wata ɗaya jika 8 ne da dala 80. Magani ba ya haihuwar riba a ƙarshen wata kamar buhun fulawa. Da mun ba ta, da mun ɗaura mata dutse ne a wuya muna ce mata taimako. Sai aka zaɓi mutum uku, sakatariya da ta yi kolej tana karanta Faransanci, da ma'ajiya, da wata mai baki a ciniki, aka ce su ɗauki takardar su nemo inda ya fi arha.

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi wani abu da ya tsaya mana a rai. Tun wajen 2006 gwamnati ta sa awon ciki, da aikin fiɗa na haihuwa, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da maganin tazarar haihuwa su zama kyauta a gidajen likita na gwamnati. Da yawanmu mun amfana, ba mu raina ba. Amma mace mai neman haihuwar ba ta cikin wannan lissafi. Ita komai daga haɓar zaninta zai fita, tun daga tikiti har ƙwayar ƙarshe. An san ƙasarmu da yawan haihuwa, shi ya sa duk baƙon da ya zo taro da mu maganar tazara yake kawowa. Wadda ta shekara bakwai tana jira tana zaune a wurin, tana tafi tare da kowa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Da sakatariya ta gaya mana, sai kowa ta dubi tabarmar tana ƙirgawa a zuci.

Kwana biyu wakilanmu suka yi suna yawo. Farmasi biyar suka shiga. Abin da suka gano bai yi mana daɗi ba: tsakanin wannan farmasi da wancan bambancin bai taka kara ya karya ba, jika ɗaya nan, dala 100 can. A farmasin gwamnati sun samu layi ɗaya da arha sosai, sauran aka ce babu. Sun dai gane inda nauyin yake. Allurai su kaɗai jika 46, wasu kwalaye biyu masu ƙyalli jika 21, sauran layuka uku jika 17. A bakin kasuwa wani mai tallan magani a tire ya leƙa takardar, ko juya ta daidai bai yi ba, ya ce duk yana da su, har da wani na sanyi mai wanke mahaifa. Wannan kam ba mu faɗa ba.

Inda muka faɗa shi ne wurin na gida. Ɗaya daga cikinmu tana da ƙanen miji mai fatauci, yana bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya, wani lokaci har Katsina. Ya ce a can, da canjin naira, rabin kuɗin ya isa. Mutumin kirki ne, ba ma zarginsa da cin ko sisi. Muka cire jika 22 daga asusun taimako muka ba shi, da hoton takardar a salula. Bayan kwana huɗu ya dawo da baƙar leda. Allurai ne a ciki da kwalin ƙwayoyi, ga rasit. Mun yi murna ranar, har mai bakin ciniki ta ce ai dama an ce mata masu dubara.

Washegari aka kai ledar wani farmasi don a nuna mana yadda ake allurar. Wata matashiya ce a bayan kanta, da farar riga. Ta ɗauki kwalin, ta riƙe shi a tafin hannu, ta ce, "Iyayena, a cikin mi anka kawo wannan?" Aka ce a leda. "A mota?" Aka ce a mota, cikin aljihun gaba. Ta juya kwalin ta nuna wa sakatariya wani ɗan rubutu: a ajiye cikin firiji, tsakanin digiri 2 da 8. Ku da kanku kun san Afirilun Maradi, kun san cikin mota da aka tsayar a rana a bakin iyaka. Ta ce ita ba za ta ce a yi wa mutum wannan ba. Mai yiwuwa ba zai cutar ba, amma ba wanda zai iya rantsewa cewa akwai sauran ƙarfi a cikinsa. Irin wannan allura a kula da ƙanƙara ake ɗauko ta, kuma ko a kular ba a barin ta ta manne da ƙanƙarar, don in ta daskare nan ma ta lalace.

Ba muna cewa maganin Najeriya ba shi da kyau ba. Rabin abin da ke ɗakunanmu daga can ya zo, kuma akwai farmasi na ƙwarai a Katsina da Kano. Hanya ce ta cinye mana kuɗi, da rashin tambaya. Ƙwayoyin kuwa ta duba ranar lalacewarsu da lambar NAFDAC da ke jiki, ta ce da ido ba ta ga aibu ba, amma masu jabu ma sun iya buga lamba. Sai ta faɗi maganar da har yau muke maimaitawa. Ta ce in maganin masassara jabu ne, cikin kwana uku za ki gane, don jiki ba zai yi sanyi ba. In na haihuwa ne jabu, ba ranar da za ki gane. Wata zai ƙare, jini ya zo, ki ce ke ce ba ki da rabo, uwar miji ta ce dama ta faɗa. Ba wanda zai tuhumi ƙwayar.

Allah ya saka wa yarinyar nan. Babu layi a lokacin, sai ta jawo takardar ta bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kowane magani suna biyu gare shi, kamar mutum: sunan yanka da laƙabi. Laƙabin shi ne wanda kamfani ya raɗa, shi ake bugawa da manyan baƙaƙe. Sunan yankan yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, shi ma'aikatan lafiya ke ce wa DCI. Layin farko Clomid ne, sunan yankansa kulomifen, a jikin kwali za ku ga an rubuta clomifène. Kamfanoni da yawa suna yin sa, shi ne ake kira jenerik, kuma yakan fi sauƙin kuɗi alhali sinadarin ɗaya ne. Aikinsa ya zaburar da jiki ya saki ƙwai. Kwana 5 ake shan sa a farkon wata, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya zo, a ranar da lokotoro ya tsayar. Kwalaye biyun masu ƙyalli kuwa bitamin ne ƴan waje. Abin da mai neman ciki ta fi bukata a cikinsu shi ne asid folik, wanda da ma yana wani layin shi kaɗai, shi ne wanda aka samu da arha a farmasin gwamnati. Ta ce ita ba ta da ikon soke layin da lokotoro ya rubuta. Ku koma wurinsa, ku ce ya rubuta da sunan yanka, ku tambaye shi wanne ne dole a wannan watan, wanne ne zai iya jira. Kuma kada ku sayi na wata uku a lokaci ɗaya, don yana iya canzawa bayan eko.

Tana miƙo takardar sai ta ji kaurinta ya yi yawa. Ta buɗe ninkin, ashe takardu uku ne a manne. Biyun na awo ne. Ɗaya hoton da ake ɗauka bayan an ɗura wani ruwa a mahaifa, don a ga ko hanyoyin da ƙwai ke bi a buɗe suke. Ɗayar kuma ta maigida ce, awon maniyyi. Ta ce, "An yi waɗannan?" Ƙanwarmu ta sunkuyar da kai. Nata ba ta yi ba don kuɗi, ta ga gara ta sa abin da ta samu a magani. Ta mijin kuwa ko nuna masa ba ta yi ba.

Wannan ne ya fi allurar da ta lalace girgiza mu. In hanyoyin a toshe suke, abin da ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba ko ciwo bayan ɓari kan jawo, to ko buhu guda na kulomifen ta sha, ƙwan ba zai haɗu da komai ba. In kuma matsalar daga wurin namiji take, ita ce za ta yi ta shan ƙwaya a banza. Likitoci sun ce a kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan, akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da na matar. Mu mun yi mako biyu muna neman arhar magani, ba mu tambayi ko maganin ne ake bukata ba.

Komawa kilinik ta ba mu tsoro, muna ganin sai an sake biya, kuma wa zai tsaya yana yi wa lokotoro tambaya kamar mai sayen atamfa? Shugaba da kanta ta raka ta, da sakatariya. Ba mu zo nan don mu ci naman mutumin ba. Ya saurare su. Ya ce ai ya faɗa tun farko a yi awo kafin a fara, kuma mun yarda ya faɗa, sai dai ya faɗa da sauri, rabi da Faransanci, ga mace ita kaɗai da zuciyarta ke bugawa. Shugaba ta ce masa, "Lokotoro, wagga yarinya akuya ta saida ta zo wurinka. Ka rubuta mata kamar ƙanwarka ce, kuma kai za ka biya." Ya yi murmushi, ya ce da ya san haka da bai sa bitamin ɗin ba, wasu in ba su ga takarda ta cika ba sai su ce ba a duba su ba. Allurar ma ya ce ba da ita ake farawa ba, ya rubuta ta ne don in ƙwayar ta kasa, kuma ba a yin ta sai ana bin mace da eko, don tana iya sa ƙwai su yi yawa, ciki ya kumbura har a kwanta asibiti.

Saura maigida. Ɗan kabu-kabu ne, ba ya duka, ba ya zagi, amma uwarsa ta fara kai goro wani gida. Mu mata ba za mu tare shi da wannan magana ba. Shugaba ta gaya wa Alhajinta, shi kuma ya jira shi bayan sallar isha'i, su biyu kawai. Mako uku aka yi ana wannan. Abin da ya fi damun sa, a yadda muka ji, yana ganin awon yana nufin ana shakkar mazantakarsa. Alhaji ya ce masa ƙarfin namiji daban, iri daban, kuma ba wanda zai ga sakamakon sai shi da lokotoro. Daga ƙarshe ya je da sassafe, ya ajiye babur nesa da ƙofa. Abin da awon biyu suka nuna sirrinsu ne, ko mu ba duka muka sani ba, kuma ba mu tambaya ba. Kuɗinsu dai daga asusun taimako ya fita, babu ruwa, kuma su biyun a haɗe ba su kai rabin jan lissafin nan ba. Sabuwar ordonans ta fito da layi uku, duk da sunan yanka. Ba ta kai jika 10 a wata ba, ban da kuɗin eko.

Lokotoro ya ja mata kunne a gaban shugaba. Kulomifen ba a wuce wata 6 ana shan sa. In ta ga gani ya dushe ko walƙiya a ido, ta daina ta dawo. Yana iya kawo tagwaye, ta san da haka. Da aka kawo wannan bayani kan tabarma, sai wata cikinmu ta ce ita ta yi fiye da shekara tana shan ƙwayoyin nan biyar-biyar, maƙwabciya ce ta ara mata suna, ba lokotoron da ya taɓa ganinta. Shekara huɗu muna zama da ita, ba mu sani ba.

Mun ƙara layi a dokarmu. Neman haihuwa ya shiga gidan rashin lafiya. Taimakon yana fara zuwa ga awo, na mata da na miji, kafin magani. Ba a miƙa kuɗi a hannu, mutum biyu ke rakiya su biya su kawo rasit. Abin da ake sa wa a firiji ba a aiken kowa ya sayo shi daga nesa. Maganar kuma ba ta tashi daga tabarma, wadda ta kai ta waje tararta jika 2. An ƙara zubin taimako daga dala 10 zuwa dala 15, don mai cewa akwati zai ƙare ita ma tana da gaskiya, sannan ga ramin jika 22 da muka haƙa da hannunmu. Mutum biyu ba su yarda da ƙarin ba, har yanzu suna gunaguni, amma suna zubawa. Tun 1991 da aka fara irin waɗannan ƙungiyoyi na Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, kowace ƙungiya ita ke rubuta dokarta, don haka ba mu ce ku kwafi tamu ba. In akwai waɗanda suka riga mu, a Zinder ko Tahoua ko Yamai, suka samo hanyar da ta fi wannan, musamman wurin shawo kan maza, muna so mu ji.

Inna ba ta ce ta canza ra'ayi ba. Amma Alhamis uku da suka wuce, bayan an watse, ta riƙe sakatariya a zaure, ta zaro wata takarda daga cikin hijabi, ta ɗiyarta da ke aure a Tessaoua, ta ce a karanta mata ƙananan baƙaƙen.

Ƙanwarmu kuwa tana wata na uku. Makon jiya jini ya zo. Ta zo taro duk da haka, ta zuba dalarta, ta zauna can gefe, ba wadda ta ce mata komai sai ma'ajiya da ta matsa kusa da ita. Saura mata wata uku a kan wannan magani. In ba a dace ba, lokotoro ya ce zai rubuta mata takarda zuwa Yamai, kuma wannan lissafin ba mu san ta inda za mu ɓullo masa ba tukuna. Goron uwar miji ma bai dawo ba. Ekon wannan watan ya faɗo ranar kasuwa, shugaba ba za ta samu zuwa ba, Inna ta ce ita za ta raka ta.